Abin da ya tsira da abin da ya salwanta: tarihin hanyar ƴan yawon buɗe ido a ƙasar Sin

A shekarar 1353, Ibn Batuta, matafiyin nan ɗan birnin Tanja, ya sauka a Takadda, garin jan ƙarfe wanda masana da dama ke ganin kufansa ne ke Azelik, arewa maso yamma da Agadas. Kimanin shekaru takwas kafin nan ya taka ƙasar Sin, inda ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Zaitun, wadda ake kira Quanzhou a yau. Masana tarihi suna da ja a kan wasu sassa na labarinsa, musamman zuwansa babban birnin da ke arewa, amma ya bar wani bayani game da masaukai wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Bisa ga abin da ya faɗa, a kowane zango akwai masauki ƙarƙashin wani jami'i mai dakaru. Idan dare ya yi, jami'in yakan zo da magatakarda a rubuta sunan duk wanda zai kwana, a buga hatimi, a kulle ƙofa. Da safe a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, a haɗa matafiya da ɗan rakiya zuwa zango na gaba, shi kuma ya komo da takardar shaidar sun isa lafiya.

Fiye da ƙarni shida bayan haka, baƙon da ya sauka a otel a Sin sai an rubuta bayanan fasfonsa an miƙa wa ƴan sanda, kuma jagora mai ƴar tuta a hannu yakan ƙirga mutanensa a bakin mota kafin a tashi. Hanyar da akasarin ayarin ƴan yawon buɗe ido ke bi sananniya ce: a soma da Beijin, wanda Faransawa suka daɗe suna kira Pekin, a zarce Xi'an, wanda ake furtawa Shiyan, a ƙare a Shangai ko Gwanzu. A kowane wuri jagora yakan ambaci shekarun gini da ɗaruruwa ko dubbai. Abin da ba kasafai yake faɗa ba shi ne, kusan duk abin da yake nunawa ya kai ga wannan zamani ne saboda wata shawara da aka yanke cikin ƙarni na 20, kuma akwai gine-gine da ba su gaza waɗannan daraja ba, waɗanda babu su a jadawalin ziyara domin an rushe su a daidai wannan lokaci.

Fadar da ta zama gidan tarihi

Zangon farko shi ne fadar da ake kira Haramtaccen Birni, wadda sarki Yongle na daular Ming ya gina tsakanin 1406 da 1420. Faɗinta ya kai hekta 72, kuma sarakuna 24 na daulolin Ming da Qing suka zauna cikinta. Sunan kansa ya nuna matsayinta: talaka ba ya shiga. Sarki na ƙarshe, Puyi, ya sauka daga mulki a 1912 yana yaro, amma aka bar shi a cikin gida har watan Nuwamba 1924, lokacin da janar Feng Yuxiang ya fitar da shi. Ranar 10 ga Oktoba 1925 aka buɗe fadar a matsayin gidan tarihi, jama'a suka shiga inda iyayensu ba su taɓa leƙawa ba.

Ba a jima ba yaƙi ya ƙaraso. A farkon 1933, da sojojin Japan suka matso kusa, ma'aikatan gidan suka ɗaure kayan tarihi cikin akwatuna fiye da 13,000 suka nufi kudu da su, daga Shangai zuwa Nanjin, daga can kuma zuwa lungunan lardin Sichuan, ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa da mota. Bayan yaƙin Japan sai na basasa ya biyo baya, kuma tsakanin ƙarshen 1948 da farkon 1949 gwamnatin da ke shan kaye ta tsallaka da kusan akwatuna 3,000 zuwa Taiwan. Shi ya sa mai ziyara a Beijin yake ganin fadar, amma da yawa daga zaɓaɓɓun kayanta suna birnin Taipei.

Haɗari na uku ya zo a 1966, farkon Juyin Juya Halin Al'adu, lokacin da aka zuga matasan da ake kira Jajayen Dakaru su kawar da duk abin da ke wakiltar tsohon zamani. A garin Qufu sun ɓarnata haikalin Konfushiyas da maƙabartar zuri'arsa. A watan Agusta na wannan shekara firayim minista Zhou Enlai ya sa aka rufe ƙofofin fadar Beijin aka girka sojoji, ba a sake buɗewa ba sai 1971. Fadar da ta yi shekaru biyar a kulle, a 2019 ta karɓi masu ziyara sama da miliyan 19.

Ganuwar da Beijin ta rasa

Motar da ke ɗaukar baƙi daga fadar takan hau wani babban titi mai kewaye tsohon gari. A ƙarƙashinsa akwai layin jirgin ƙasa wanda tashoshinsa da dama sunayensu ke ƙarewa da “men”, wato ƙofa: Xizhimen, Dongzhimen, Chongwenmen. Sunayen suna nan, ƙofofin babu. A wannan layi ganuwar cikin birni ta tsaya sama da shekaru 500, tsawonta kimanin kilomita 24, da ƙofofi tara. Ganuwar waje da aka ƙara daga kudu a ƙarni na 16 kuma tana da bakwai.

An yi gardama a kan ganuwar kafin a taɓa ta. Liang Sicheng, masanin gine-gine da ya yi karatu a Amurka, ya shafe shekarun 1930 tare da matarsa Lin Huiyin suna bin ƙauyuka suna auna tsofaffin gine-gine. Su ne a 1937 suka gano haikalin Foguang na katako, wanda aka gina a shekarar 857. A watan Fabrairu 1950, shi da Chen Zhanxiang suka miƙa wa sabuwar gwamnati shawara: a bar tsohon birni yadda yake, a gina unguwar ma'aikatu daga yamma. Liang ya ƙara da cewa a mayar da saman ganuwar lambu, inda jama'a za su riƙa shan iska suna hangen gari. Masu adawa, tare da goyon bayan mashawarta daga Tarayyar Sobiyat, suna da hujjojinsu, kuma ba hujjojin banza ba ne: ƙasa ta fito daga yaƙi babu kuɗin gina sabon gari, ganuwa tana tare hanya, tubalinta zai yi amfani, ga shi kuma alama ce ta mulkin sarakunan da aka tumɓuke.

Shawarar Liang ba ta samu karɓuwa ba. Cikin shekarun 1950 aka ci ganuwar waje, babbar ƙofar kudu mai suna Yongdingmen ta faɗi a 1957. Daga 1965, da aka soma haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka juya kan ganuwar ciki. A 1969, ana cikin rushe ƙofar Xizhimen, sai ma'aikata suka tarar da wata ƙofa ta zamanin daular Mongol a binne cikin ginin, wadda ba wanda ya san da ita. Aka ɗauki hotonta, aka rushe ta ita ma. Liang Sicheng ya sha suka da wulaƙanci a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu a watan Janairu 1972.

Badaling da darasin Dingling

Kimanin kilomita 70 arewa maso yamma da Beijin akwai Badaling, sashen Babbar Ganuwa da aka fi ziyarta. Gini ne na zamanin Ming, na farkon ƙarni na 16, wanda aka gyara aka buɗe wa baƙi a 1957, kuma nan aka kai shugaban Amurka Richard Nixon a watan Fabrairu 1972. Ƙidayar da hukuma ta bayyana a 2012 ta nuna jimillar ganuwoyin dauloli daban-daban ta kai kilomita 21,196. Abin da baƙo ke takawa ɗan ƙanƙanin yanki ne da aka gyara tsaf. A wurare masu nisa, inda ganuwar ta ƙasa ce zalla, iska da ruwa sun cinye ta, a wasu wuraren kuma manoma sun kwashe tubali sun gina ɗakuna da turakun dabbobi. Sai a 1984 aka ƙaddamar da gangamin gyara wanda Deng Xiaoping ya mara wa baya, doka ta musamman mai kare ganuwar kuwa sai 2006.

A hanyar komowa akan ratsa maƙabartar sarakunan Ming goma sha uku. Kabari ɗaya tak aka tone a cikinsu, wato Dingling, na sarki Wanli wanda ya yi mulki daga 1572 zuwa 1620. An yi aikin tsakanin 1956 da 1958, duk da gargaɗin masana irin su Xia Nai cewa babu dabarun adana abin da za a fito da shi. Tufafin alharini da suka shekara fiye da 300 cikin duhu, da suka sha iska sai suka dushe suka lalace. A 1966 Jajayen Dakaru suka fito da ƙasusuwan sarkin da na matansa biyu suka ƙone. Daga wannan asara hukumomin Sin suka ɗauki matsayin da suke kai har yau: ba a buɗe kabarin sarki don neman sani kawai. Baƙon da ya sauka cikin Dingling zai ga ɗakunan dutse da akwatunan gawa na kwaikwayo.

Xi'an: ganuwar da aka bari

Xi'an shi ne tsohon Chang'an, babban birnin daulolin Han da Tang, kuma mafarin hanyar fataken alharini. Ganuwarsa ta yanzu an gina ta cikin shekarun 1370, kewayenta kusan kilomita 14, tsayinta mita 12, faɗin samanta ya kai mita 12 zuwa 14. Da ƙasa aka daddaɓe ta tun farko, sai a 1568 aka lulluɓe ta da gasasshen tubali. Lokacin yaƙin Japan mutane sun haƙa ramuka a jikinta don ɓuya daga bama-bamai, kuma a ƙarshen shekarun 1950 hukumomin gari suka yi niyyar bin sawun Beijin, har an soma kwasar tubali.

Wasu ma'aikatan adana kayan tarihi suka kai kuka ga gwamnatin tsakiya. A 1959 majalisar gudanarwa ta ƙasa ta ba da umarnin a kare ganuwar, kuma cikin waɗanda suka sa baki har da mataimakin firayim minista Xi Zhongxun, ɗan asalin lardin. A 1961 aka sa ta cikin jerin farko na wurare 180 da ƙasa ta ɗauki nauyin karewa. Umarnin bai hana ta ci gaba da zubewa ba, amma ya hana a share ta. A 1983 aka soma babban gyara, inda ma'aikata da ɗalibai da sojoji suka fito aikin gayya suna yashe gwalalo suna ɗaukar ƙasa. A yau baƙi suna hayar keke su zagaya gari a saman ganuwar, tsofaffi kuma suna motsa jiki a lambun da ke gindinta. Abin da Liang Sicheng ya roƙa wa Beijin aka hana shi, a Xi'an ya tabbata, fiye da shekaru goma bayan rasuwarsa.

Rijiyar da ba ta ba da ruwa ba

A watan Maris 1974 ana fari a gundumar Lintong, gabas da Xi'an. Wasu manoma na ƙauyen Xiyang suka shiga haƙar rijiya. Da suka yi ƴan mitoci sai suka ci karo da ƙasa mai tauri, sannan gutsattsarin gasasshen yumɓu, da kan mutum-mutumi, da kawunan kibau na tagulla. Zhao Kangmin, ma'aikacin ɗan ƙaramin gidan tarihin gundumar, shi ya tattara gutsattsarin ya harhaɗa su, ya gane cewa na zamanin daular Qin ne. Wani ɗan jarida da ya zo ganin gida ya kai labari Beijin, daga nan aka turo masu haƙa.

Abin da ke ƙarƙashin gonar runduna ce ta yumɓu da aka jera don tsaron kabarin Qin Shi Huang, wanda ya haɗa ƙasar ƙarƙashin sarauta ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, ya mutu a 210. An ƙiyasta mayaƙan sun kai 8,000 cikin ramuka uku, kowane da girman mutum, tare da dawaki da karusai. Rami na farko kaɗai tsawonsa mita 230 ne, faɗinsa 62. Marubucin tarihi Sima Qian, wanda ya rayu kimanin ƙarni ɗaya bayan sarkin, ya ambaci mutum 700,000 da aka sa aikin kabarin, da kogunan zaiba da aka malalar a ciki, amma bai ce uffan ba game da rundunar. Ƙasa ta rufe ta, littattafai suka manta da ita, har tsawon shekaru fiye da 2,000.

Ruwan toka da baƙo ke gani a jikin mayaƙan ba shi ne launinsu na asali ba. An shafe su da wani ruwan itace mai kama da ƙaro, aka zana ja da kore da shuɗi a kai; da zarar an fito da su suka sha busasshiyar iska, shafen yakan nannaɗe ya ɓare cikin mintoci. Wannan ne ya sa aka bar sassa da yawa a rufe, tudun kabarin kansa kuma ba a taɓa shi ba, ko da yake gwajin ƙasarsa ya nuna zaiba mai yawa. An buɗe gidan tarihin ranar 1 ga Oktoba 1979. Mutanen ƙauyen kuwa an karɓe gonakinsu an sauya musu matsuguni, daga baya wasu cikin masu haƙar rijiyar suka koma zama a kantin sayar da tsaraba suna sa hannu a littattafai.

Kafin a bar Xi'an akan shiga unguwar Musulmin Hui, inda Babban Masallaci yake. Wani allon dutse a ciki yana danganta kafuwarsa da shekarar 742, amma ginin da ke tsaye ya faro ne daga ƙarshen ƙarni na 14. Babu ƙubba, hasumiyarsa kuma irin ta haikalin Sinawa ce. Farfajiyoyi ne a jere daga gabas zuwa yamma, har zuwa zauren salla mai fuskantar alƙibla, inda aka sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a allunan katako da suka rufe bango. An dakatar da ibada a cikinsa lokacin Juyin Juya Halin Al'adu, a 1988 kuma ya shiga jerin wuraren da ƙasa ke karewa. Daga 2018 an cire ƙubbobi da hasumiyoyi irin na Larabawa daga masallatai da yawa a ƙasar, bisa manufar gwamnati ta sa wa addinai kamannin Sin. Wannan masallaci, da yake tun asali haka siffarsa take, bai sauya ba.

Masauki ma tarihi ne

Duk wannan ziyara ba ta yiwuwa sai da wurin kwana. Daga 1954, kamfanin gwamnati guda ne ke kula da baƙin waje, akasarinsu wakilan ƙasashe ƙawaye, kuma jagora ma'aikacin hukuma ne wanda ke nuna masana'antu da gonakin haɗin gwiwa fiye da haikalai. A 1978, shekarar da aka buɗe ƙofa, baƙi ƴan ƙasashen waje kimanin 230,000 suka shiga, amma duk da ƙarancinsu ɗakunan kwana suka gaza. Deng Xiaoping ya ga cewa yawon buɗe ido hanya ce mai sauri ta samun kuɗin waje, sai aka yarda da jarin ƙetare a ginin otel. A 1982 aka buɗe Jianguo a Beijin, da haɗin gwiwar Clement Chen, Basine mazaunin Amurka. A shekarar ce kuma aka kafa dokar kare kayan tarihi. A 1985 Sin ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta kayan gadon duniya, a 1987 aka rubuta wurarenta shida na farko, ciki har da fadar Beijin da Babbar Ganuwa da kabarin Qin. Kusancin waɗannan shekaru yana nuna yadda otel da gyaran kufai suka taso tare, kowane yana ciyar da ɗan'uwansa.

Baƙon wancan lokaci a keɓe yake. Daga 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 yana da takardun kuɗinsa na dabam, da kantunansa, da otel-otel ɗin da aka ba izinin karɓarsa. Shi ya sa abin da ya faru a Gwanzu a watan Fabrairu 1983 ya zama labari: attajirin Hong Kong Henry Fok, wanda ya sa jari a otel ɗin White Swan a tsibirin Shamian, inda Ingila da Faransa suka taɓa mallakar unguwanni, ya dage a bar kowa ya shiga. Mutanen gari suka yi dafifi don kallon ruwan da ke kwarara a tsakiyar zaure. Daga 1999, da aka ƙirƙiro hutun mako guda na ƙasa, yawon Sinawa da kansu a cikin ƙasarsu ya ƙara bunƙasa. A 2019 tafiye-tafiyen cikin gida sun kai biliyan 6. Gasa ta haifar da ziyara mai arha wadda jagora ke cike giɓinta ta hanyar tilasta wa mutane sayayya a kantunan da ke ba shi la'ada, har dokar yawon buɗe ido ta 2013 ta haramta hakan.

A Gwanzu ɗin nan, inda ƴan kasuwar Afirka ta Yamma ke zuwa sarin kaya tun ƙarshen shekarun 1990, akwai masallacin Huaisheng mai hasumiya ta mita 36. Ruwayar mutanen gari tana danganta shi da sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, alhali malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. A nan ma abin da jagora ke faɗa da abin da littattafai suka tabbatar ba koyaushe suke haɗuwa ba.

Tubalan da suka komo

Mai komowa Beijin don hawa jirgin gida zai iya ganin ƙofar Yongdingmen tsaye a kudancin gari. Sabuwa ce: an sake gina ta a 2004, shekaru 47 bayan rushe ta asali, kuma ita ce iyakar kudu ta layin tsakiyar birnin da UNESCO ta rubuta a 2024. Kusa da Chongwenmen kuwa akwai ragowar ganuwar gaskiya, kimanin kilomita ɗaya da rabi, wadda ta tsira domin hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta kauce mata, gidaje da rumfuna kuma suka jingina da ita suka ɓoye ta. Da aka tashi gyara ta, daga tsakiyar shekarun 1990, sai aka tarar babu isasshen tsohon tubali. Hukumar gari ta yi shela ga jama'a cewa duk wanda ke da tubalin ganuwa ya kawo. Mutane suka ciro shi daga katangun gidaje, da ɗakunan girki, da daɓen tsakar gida, inda iyayensu suka sa shi shekaru talatin da suka wuce, suka kawo a kan kekuna da amalanke. Da waɗannan aka cike giɓin, aka buɗe wurin a matsayin lambu a 2002.